Ina so in tsaya takarar kujerar hukumar makarantu, ku ba ni shawara tsakani da Allah

Maman Ikram: Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na zauren Hausawan Ohio. Kwana uku ina rubuta wannan magana ina gogewa. A zaɓen 4 ga Nuwamba 2025 za a cike kujeru uku a hukumar makarantun gundumarmu, nan gefen Columbus, kuma zuciyata ta ƙi barina in huta, wai in fito. Na yi istihara, na yi magana da maigida, ya ce in ji ta bakin jama'a tukuna.

Abin da ya tunzura ni ba sabo ba ne. Lokacin da zan saka Abba makaranta, sun ba ni takarda suna tambayar yaren da muke yi a gida, na rubuta Hausa da alfaharina. Yaron da aka haifa a nan, wanda ko sunan kuka da kuɓewa bai iya ba, sai ga shi ana fitar da shi daga aji ana kai shi wurin masu koyon Turanci. Na sha zarya kafin a gyara. Bara kuma aka soke tashar motar makaranta ta layinmu, ashe an yi zama a kai, an sanar a intanet, ba wanda ya sani a cikinmu. Daga nan na fara zuwa zamansu duk wata. Wallahi wani lokaci mu shida ne a kujerun 'yan kallo, alhali kuɗin da suke yanke hukunci a kai miliyoyin daloli ne. Ku faɗa mini gaskiya, ko da ɗaci.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a 'yata, Allah ya sa da mu za a yi. Ankon ranar rantsuwa na wuyana.

Ɗan Maraɗi: Masha Allah. In kin hau dai ki fara da hutun Sallah. Yarana duk shekara sai an rubuta musu fashi.

Kawu Alhaji: Ke Hadiza, ni zan faɗi mai ɗacin tunda kin nema. Na shigo garin nan daga Kumasi tun ba a san masallaci ya wuce ɗaki biyu ba. Na ga an kafa ƙungiya ta ruguje sau nawa, a kan kuɗin shinkafar walima kawai. Mutanen da kike gani sun cika zauren suna, in kin tace su, nawa ne ke da ƙuri'a? Wannan yana jiran takarda, wancan girin kad gare shi, wato takardar zaman dindindin, wancan ya zama ɗan ƙasa amma bai taɓa yin rajista ba, wancan kuma gidansa na wata gunduma. Kada tafin biki ya ruɗe ki. Ga aikin dare kina yi, ga yara uku. Ni dai da kin bar kaza cikin gashinta.

Maman Ikram: Kawu, na gode, don irin wannan na kawo maganar. Amma in kowa ya ce a bari, wa zai fara?

Baban Sadik: Bari in sa baki da lissafi, don shi na iya. Maganar Kawu tana da ƙafa, amma kafin a kai ga ƙuri'a akwai wani shinge da ya fi kusa. Ranar Laraba 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma, ake rufe karɓar takardun tsayawa, wato kwana 90 kafin zaɓe. Yau saura wata ɗaya ke nan. Yawan sa hannun da ake nema ya danganta da irin gundumar. Ƙananan gundumomi 25 ne. Gundumar birni kuwa da yawan jama'a ake aunawa: 75, ko 150, ko 300 in mutanenta sun kai dubu ɗari, kamar cikin Columbus. Taku Maman Ikram in ban yi kuskure ba tana layin 150.

To ba 150 za ki nema ba, ki nemi ninkinta. Hukumar zaɓe tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tashi daga gida bai sauya adireshi a rajista ba, an soke. Wanda sa hannunsa bai yi kama da na fayil ba, an soke. Miji ya sa wa matarsa hannu don tana kicin, wannan ma ya fi muni, yana iya jawo a yi watsi da takardar baki ɗaya. Wanda ke yawo da takardar dole ya ga kowane sa hannu da idonsa, ba a barin ta a teburin masallaci a dawo a ɗauka. Ke kanki sai kin cike naki ɓangaren kin sa hannu da kwanan wata kafin mutum na farko ya taɓa ta. Kuma gundumarku ta ratsa ƙananan hukumomi biyu, don haka mutanen Franklin takardarsu daban, na Delaware daban. In kin miƙa, shi ke nan, ba a dawo miki da ita ki ƙara.

Ɗan Maraɗi: Kai! Wannan ai ya fi neman biza wuya.

Baban Sadik: Da gaske kuwa. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, tun ba a buga gangar ba.

Malama Saratu: Sannunku. Ni ba na cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta shafe ni, shekarata 11 ina koyarwa a makarantar gwamnati. Ni doka ba ta ba ni damar zama a hukumar da ke biyana albashi ba, don haka in wata tamu za ta fito, ina murna. Sai dai 'yar uwa, zan tambaye ki abu ɗaya: kin san aikin kujerar?

Mutanenmu suna ɗauka mamban hukuma kamar kansila ne na gida, ka kira shi ya sa a mayar da ɗanka aji, ko a tsawata wa malami. Ba haka ba ne. Mamba shi kaɗai ba shi da ikon ba ko da mai shara umarni. Ikonsu sai sun zauna sun kaɗa ƙuri'a, ke ɗaya cikin biyar. Manyan ma'aikata biyu suke ɗauka da kansu, shugaban makarantun gunduma da ma'aji, su ne kuma za su iya sallamarsu. Sauran aikin shi ne kasafin kuɗi, yarjejeniya da ƙungiyar malamai, kalandar shekara, dokokin ladabtarwa, shata iyakar wace unguwa za ta je wace makaranta, da kuma abin da kowa ke gudu, rufe makaranta in ɗalibai sun ragu. Kun tuna watan Agustan 2022 da malaman Columbus suka shiga yajin aiki, karo na farko tun 1975? Cikin abin da suka tsaya a kai har da azuzuwan da ba na'urar sanyi ko ɗumi. Mambobin hukuma ne suka sha zagin iyaye da na malamai lokaci guda.

Ladan kuma bai taka kara ya karya ba. Doka ta ce kada ya wuce dala 125 a kowane zama, kuma a shekara kada ya haura 5,000. Wa'adi shekara huɗu.

Hajiya Babba: Au, dama ba albashi? To ai sadaka ce.

Ɗan Maraɗi: Malama, duk na ji. Amma kalanda kin ce tana hannunsu, to ga Sallah nan. A New York ai an ba su.

Malam na Bronx: An ba mu, tun 2015 magajin gari Bill de Blasio ya sanar da Sallah ƙarama da babba sun shiga kalanda. Amma ku sani shekaru aka yi ana bin abin, kuma ba Musulmin Afirka kaɗai ba, da Larabawa da 'yan Bangladesh da ƙungiyoyin ƙwadago. Sannan mu nan ba ma zaɓen hukumar makarantu irin taku, tun 2002 aka miƙa makarantun birnin hannun magajin gari. Abin da ya rage mana majalisun iyaye ne masu ba da shawara. Ku da kuke da kujerar da ake zaɓa, wallahi kuna da abin da ba mu da shi, kuna wasa da shi.

Ummi: Gaisuwa ga iyayena, a yi haƙuri da Hausata. Kawu na Maraɗi, maganar fashin nan an riga an yi doka a kai. Tun 2024 Ohio ta wajabta wa makarantun gwamnati su ba kowane ɗalibi har kwana uku a shekara saboda addini, ba tare da an rubuta masa laifi ba. Amma sai iyaye sun rubuta sun sanar tun farkon shekarar karatu. Yawancin mutanenmu ba su san da ita ba.

Ɗan Maraɗi: Ikon Allah. To ni wa ya gaya mini?

Maman Ikram: Ka ga abin da nake faɗa ke nan! Haƙƙin yana nan a rubuce, amma bai iso ƙofar gidanmu ba. Haka maganar tafinta. Makaranta wajibi ne ta yi wa iyaye bayani da yaren da suke ji, amma sau nawa aka kira ni daga wurin aiki in je in yi wa wata baiwar Allah fassara, ko a sa yarinya 'yar shekara tara ta fassara wa uwarta laifin da ita kanta ta yi? Ni wannan ya fi ci mini rai a kan hutun Sallah.

Malama Saratu: To yanzu kika yi magana. Riƙe wannan. Matsalar tafinta da sanarwa ba ta Musulmi ba ce kaɗai. Mu a cocinmu akwai 'yan Ghana da 'yan Kongo masu wannan kukan, ga 'yan Nepal da suka cika gabashin gari, ga masu Sifaniyanci. In kin fito da tutar Sallah, kin tsaya wa mutum ɗari biyu. In kin fito da motar makaranta da tafinta da sanarwar da ke isa ga iyaye, har Baturiyar da ke aikin dare kamarki za ta saurare ki.

Abu Huzaifa: Ni ban yarda da wannan ba, Malama, da girmamawa. Kullum sai a ce mu ɓoye abin da ya dame mu don kada a tsorata. Iyayen Maryland ba su ɓoye ba. Sun je har Kotun Ƙoli a kan littattafan da ake karanta wa ƙananan yara, kuma ranar 27 ga Yunin 2025 kotu ta ba su gaskiya, alƙalai shida a kan uku, cewa suna da damar cire yaransu daga darasin. Sunan Musulmi ne a kan shari'ar. In Maman Ikram ba za ta tsaya a kan tarbiyya ba, mene ne amfanin mu zaɓe ta?

Malama Saratu: Ɗan uwa, ai ba Musulmi kaɗai suka kai ƙarar ba, da Kiristoci a ciki, ka ga maganata ce ta sake fitowa. Ban ce ta ɓoye addininta ba, da hijabinta za ta ƙwanƙwasa ƙofa, wa zai ɓoyu? Cewa na yi cikin zama ashirin da za ta yi a shekara, wataƙila ɗaya ne zai taɓo littafi. Sauran duk rufin kwano ne da man mota da albashi.

Abu Huzaifa: Wannan ɗayan shi ne ya dame ni.

Maman Ikram: Abu Huzaifa, za a tambaye ni wannan ko ina so ko ba na so, kuma amsata ɗaya ce a masallaci da a zauren muhawara: iyaye su san abin da ake koyarwa tun kafin a koyar, kuma mai son cire ɗansa a ba shi hanya ba tare da wulaƙanci ba. Amma ba zan yi alkawarin kwashe littattafai daga laburare ba, don ba ni da wannan ikon ni kaɗai, kuma in na hau, yaran kowa ne a wuyana, har da na wanda ban yarda da tafiyarsa ba. In wannan bai ishe ka ba, na fahimta.

Abu Huzaifa: Zan yi tunani. Aƙalla ba ki yi mini romon baka ba.

Baban Sadik: Duk kun bar giwar tana tsaye kuna duba sawunta. Tambayar da za ta fi yawa a bakin ƙofa ita ce haraji. Makarantun nan kaso mai yawa na kuɗinsu daga harajin gidaje yake fitowa. Akwai wata doka tun 1976 wadda ta sa in darajar gidaje ta tashi, ana rage ma'aunin harajin da aka zaɓa, don kuɗin da makaranta ke samu daga gare shi ya tsaya kusan inda yake. Albashi na hawa, mai na hawa, kuɗin shiga na tsaye. Shi ya sa duk bayan 'yan shekaru hukuma ke komawa wurin jama'a da ƙoƙon bara. Ma'aunin da suke kira mil, kowane ɗaya dala 35 ne a shekara a kan gidan dala dubu ɗari. A 2023 Columbus ta nemi 7.7 kuma jama'a suka amince, kusan dala 270 ke nan a kan kowace dubu ɗari. Yanzu ki ɗauka kin ƙwanƙwasa wa tsohuwa mai cin fansho, jikokinta ma ba sa garin, ta ce miki za ki ƙara mini haraji ko ba za ki ƙara ba? Me za ki ce?

Maman Ikram: Gaskiya ban shirya wa wannan ba.

Baban Sadik: To ki shirya. Ma'aji yana wallafa hasashen kuɗin gunduma na shekaru masu zuwa, yana shafinsu. Ki fitar da shi mu zauna a kai. Kuma masu cewa yaransu na Islamiyya ko makarantar kuɗi ba ruwansu, su sani a Ohio gunduma ce ke da alhakin jigilar yawancin waɗannan yaran ma. Motar da ta makara da ɗanka, wannan hukumar ce.

Yaya Sani (Zariya): Ƙanwata, sai yanzu na samu netwok. Ina alfahari da ke. Ni ma ai ina cikin kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, na firamaren unguwarmu, sai dai mu ba kamfen, mai unguwa da hedimasta da liman suka zauna aka ce wane da wane. Kuɗin malamai na hukumar ilimin firamare ta jiha ne, SUBEB, mu namu gyaran benci da bin yaran da suka daina zuwa. Ki turo lambar akawun, ni da su Yakubu za mu haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa na fosta.

Ummi: Kawu Sani, don Allah kada ku tura ko kwabo! Dokar tarayya ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazaunin dindindin ba ya ba da kuɗi a kowane zaɓe, har na unguwa. Ohio ma ta ƙara tata a 2024 wadda ta haɗa har da masu girin kad, an kai ta kotu. Don haka Anti, abin da ya fi lafiya ki karɓa daga 'yan ƙasa kaɗai. Kafin ki karɓi komai ko ki kashe komai, sai kin naɗa ma'ajin kamfen kin kai takardarsa hukumar zaɓe. Tsabar kuɗi kuma ba a karɓar fiye da dala 100 daga mutum ɗaya, kuma ana rubuta suna da adireshi.

Hajiya Babba: Ke Ummi, to liƙin da na shirya fa? Har mai kiɗan ƙwarya na yi wa magana.

Ummi: Hajiya, ki yi mana waina da miyar taushe ranar da masu yawo za su fita, ya fi liƙi amfani.

Yaya Sani (Zariya): To Allah ya kyauta. Ƙasar da ɗan uwa ba zai taimaki 'yar uwarsa ba. Addu'a dai ba a hana ba ko?

Ɗan Maraɗi: Mu a Nijar kwamitin kula da makaranta, COGES, ƙuri'a ake yi a ɓoye, iyaye su taru a filin makaranta. Babana ya taɓa zama ma'aji, har yau yana cewa bai taɓa yin aikin da ya jawo masa gaba da dangi irinsa ba.

Ummi: Abu ɗaya kuma mai muhimmanci, a yaɗa shi. Duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya sa hannu a takardar Anti, kada ya yi rajistar zaɓe, ko da wani ya ce masa ba komai. Abin yana iya lalata masa neman zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. Kunya ba ta cikin wannan. In an miƙo maka, ka ce a'a.

Sannan Anti, in Allah ya ba ki, irin wannan hirar ma sai kin yi hattara. A 2016 Kotun Ƙolin Ohio ta yanke cewa in mafi yawan mambobi suka tattauna aikin hukuma ta imel, zama ne, kuma zama dole a yi shi a bainar jama'a. Uku cikin biyar kawai.

Kawu Alhaji: Na karanta duka. Ban sauya ra'ayi a kan ƙuri'unmu ba, ba su da yawa. Amma na tuna wani abu. Somaliyawan nan da muke gani yau, Munira Abdullahi da Ismail Mohamed da suka ci zaɓen majalisar jiha a 2022, ba daga sama suka faɗo ba. A Minneapolis marigayi Hussein Samatar kujerar makaranta ya ci a 2010, daga irin nan aka faro. Su sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, kada mu yaudari kanmu. Sai dai zaɓen shekarar da ba shugaban ƙasa ba gwamna, mutane kaɗan ke fita, kuma ba a rubuta jam'iyya a gefen suna. A irin wannan, wanda ya taka ƙafa ya fi wanda ya buga fosta.

Ga sharaɗina, Hadiza. Rajistar masu zaɓe a buɗe take, kowa na iya dubawa. Ranar Asabar bayan La'asar ku zo shagona da kwamfuta, mu bi sunayen mutanen zauren nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga su wa ke cikin gundumarki kuma rajistarsu na raye. In na ga abin kirki, ni da kaina zan ɗauki takarda. Maƙwabtana Turawa shekara 19 ina gyara musu mota, ba za su hana ni sa hannu ba.

Malama Saratu: Ni ma bayan sujada ranar Lahadi zan tsaya a bakin coci da tawa. Amma zan fara tambayar Fasto.

Maman Ikram: Jama'a, ga rahoton Asabar. Mun duba suna 212. Waɗanda ke cikin gundumata kuma rajistarsu daidai, 38. Akwai wasu 17 'yan ƙasa ne amma ba su yi rajista ba ko sun tashi ba su gyara adireshi ba, har da maigidana, wanda ya rantse mini ya gyara tun bara. Kawu bai ce komai ba, dariya kawai ya yi ya miƙo mini shayi.

Na karɓo takardun jiya, na cike nawa ɓangaren. Saura kwana 23. Baban Sadik ya yarda ya zama ma'aji. Wanda ke da awa biyu da yamma ya rubuto sunansa da layin da yake, mu raba unguwanni.

Abu Huzaifa: Sa ni a layin bayan laburare, Talata da Alhamis. Maganarmu dai ba ta ƙare ba.

Ɗan Maraɗi: Ni ina hanya da tirela sai Juma'a. Wai waccan takardar kwana uku ta Sallah, wa ake kai wa, hedimasta ko ofis?